Fitilar da Ke Kallon Hagu

Na sauka birnin Guangzhou na ƙasar Sin a ƙarshen ƙarnin da ya shige, ina da shekara sittin da 'yan kai, ban san kalma guda ta harshen mutanen ba, ban kuwa taɓa sayar da ko allura ba. Sana'ata tun ƙuruciya har furfura ita ce duba lafiyar motoci a ma'aikatar gwamnati a Kano. Ni ne mai shiga ƙarƙashin mota, in taka birki, in saurari inji, sa'an nan in sa hannu a takarda ko in hana. Da na ajiye aiki, 'ya'yana suka ga zaman gida yana neman tsufar da ni, suka ce in je in saro wandunan jins, su kuwa su sayar a Kantin Kwari. Na amsa, domin a zatona wanda ya iya gano ɓoyayyen ciwon mota ba zai kasa gane ɗinkin banza ba.

Masaukina wani ɗan ɗaki ne a hawa na biyar, mu biyu a ciki, ni da Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, wanda ya riga ni sanin garin da shekara uku har yana iya haɗa maganarsu. Da ya ji asalina Haɗeja ne, shi kuwa Bakatsine, sai ya tafa hannu ya ce Allah ya kawo masa bawansa har ɗaki. Na ce masa bawa ba ya girmar ubangidansa da shekara goma sha biyar. Tun daga ranar ba mu ƙara yi wa juna magana ta hankali ba sai in ta kama dole.

Mako na farko shayi da burodi da dafaffen ƙwai ne suka riƙe ni, sai daga baya Alhaji Isufu ya kai ni wurin wasu Musulmin Sinawa masu ja da taliya da hannu. Amma ba yunwa ce ta fi damuna ba. Abin da ya fi yi mini zafi shi ne gaisuwa. Mutumin da ya saba a tsare shi a hanya a tambaye shi gajiya da iyali da aiki, yau ga shi yana ratsa dubban mutane, abin da zai samu bai wuce "nihau" ba, ita ma in an ga alamar zai saya. Na hau benen kasuwar Baima na sauko, na kutsa cunkoson kasuwar Shahe, ina ɗaga wandunan da 'ya'yana suka ba ni a matsayin samfuri, amsa ɗaya nake samu: "meyo", wato babu. Har na fara jin kalmar nan a cikin barci.

A Shahe na gamu da wani dillali mai fara'a, mai ɗan Turanci, ya ce ƙanin mahaifinsa yana da wurin ɗinki a Xintang, garin da ake yin jins, irin nawa kuwa nan ne gidansu. Alhaji Isufu ya tafi wurin masu lodin kaya a ranar, ni kuma na ga bai kamata dattijo kamata ya riƙa jiran ɗan rakiya ba. Muka shiga motar haya muka yi tafiya mai nisa. Da muka isa, ya zaunar da ni a bakin wani kanti, ya karɓi jakar samfurin ya ce zai nuna wa ƙanin mahaifin nasa. Yau shekara nawa ke nan, bai dawo ba tukuna.

Na zauna har rana ta karkata. Hadari ya taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, mai kanti ya ja ƙofarsa. Na raɓe a ƙarƙashin wata rumfa ina kallon ruwan kwata yana gudu shuɗi saboda rinin wanduna, ban san gabas ba, ban san inda ake shiga mota ba. Ina cikin wannan hali sai kunnena ya ɗauko wani sauti. Tun ban ga mai shi ba na san inji ne mai silinda shida, irin na da, mai numfashi a hankali kamar mutumin da ba ya bin kowa da gudu. Sai ga ta ta kunno kai: doguwa, baƙa, mai ƙyallin azurfa a goshi, irin motocin da manyan alƙalai da attajirai suke shiga sa'ad da nake sabon ma'aikaci. Ta tsaya a ƙofar wani babban gida daura da ni.

Ban san lokacin da na fito cikin ruwan ba. Na je na dafa murfin injin, na sunkuya na kara kunne. Mai motar ya sauke gilashi, wani tsoho ne siriri mai farin gashi, yana zaune a dama, domin a can sitiyarinta yake. Ya dube ni, babbar rigata ta jiƙe sharkaf, ni kuwa na ɗaga masa babban yatsa. Ya yi dariya har na ga haƙorin zinariyarsa. Na miƙa masa katin masaukina. Ya duba, ya girgiza kai don nisan wurin, sa'an nan ya miƙa hannu ya buɗe mini ƙofa.

Tafiyar nan ba mu yi magana ba, amma ba mu yi shiru ba. Ya zuba mini shayi mai zafi a murfin gorarsa. Ya nuna mini katakon gaban motar, na shafa, na nuna masa yadda allurar mai take tsaye ba ta rawa, ya ji daɗi. Ƙanshin tsohuwar fata da fetur ya cika mini hanci, sai na ji kamar ina bakin aikina a Kano. Da ruwa ya ɗauke na nuna masa rana, na ɗaga hannuwa zuwa kunne. Ya fahimta. Ya tsaya a gefen hanya, ya buɗe bayan mota ya yanko mini sabon yadin jins ya shimfiɗa, ya koma gefe yana shan tabarsa har na idar da azahar da la'asar.

Da na ba Alhaji Isufu labari, sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki, sa'an nan ya ce, "Bahaɗeje, ka tahi neman wando ka dawo da jiƙaƙƙar riga. To wanga tsoho ya kamata mu koma mu yi mishi godiya."

Bayan kwana huɗu muka koma da dabino da goro. Ashe gidan nan babban wurin ɗinki ne, tsohon kuwa shi ne mai shi, kowa Lawban yake ce masa, wato maigida. Muka same shi zaune a kan benci a tsakar gida, motar tana gabansa an ɗaga murfin injinta. Ya karɓe mu da mutunci, amma fara'ar nan babu ita. Alhaji Isufu ya tambaye shi lafiya, suka daɗe suna magana da baki da hannu, kana ya juyo gare ni.

"Shina cewa mota ta hwaɗi jarrabawa. Wadda mu muke ce ma bizit, aikinku na da. Sau biyu ke nan."

Na ce, "Wannan motar? Ƙarya ne. Na saurari injinta."

"To kai ka saurara, su ba su saurara ba. In ta hwaɗi ta ukku, an kashe takardunta, sai wurin masu yanka ƙarhe. Jibi ne ranar ƙarshe."

Sannu a hankali na sami sauran bayanin. Motar ta yayansa ce, wanda ya ƙaura Hong Kong tun suna samari, ya yi arziki a can, ya aiko masa da ita kafin ya rasu. Shekara da shekaru tana cin gwajin nan ba gardama, har ma'aikatan wurin suna fitowa kallonta. Bana sai aka kawo sabuwar na'ura mai auna hasken fitilun gaba. Birki lafiya, hayaƙi lafiya, ƙafafu lafiya, fitila kaɗai na'ura ta ƙi. Makanikai sun sake ƙwan fitila, sun sake batir, sun juya sukurori. In suka karkata fitilar har gajeriyar wuta ta yi daidai, doguwar ta kauce; in suka daidaita doguwar, gajeriyar ta koma inda take. Sabuwar fitila irin tata kuwa, ko'ina aka je, meyo.

Ina jin haka sai wani abu ya motsa a ƙwaƙwalwata. Na ce a tura motar cikin ɗakin da suke ajiyar yadi, a rufe ƙofofi da tagogi. Rana tsaka ce, amma ciki ya yi duhu. Na sa aka tsayar da ita taku goma daga bango, na ce Lawban ya kunna gajeriyar wuta. Haske ya faɗa a bango: a dama ya kwanta, a hagu ya ɗaga kai sama. Na ɗauki allin masu yankan yadi na bi layin na zana.

Na ce, "Alhaji Isufu, gaya masa motarsa ba ta da ciwo. Tarbiyyar da aka yi mata take bi. An ƙera ta ne domin ƙasar da ake tuƙi ta hannun hagu, saboda haka take ɗaga haskenta hagu, ta haska gefen hanya. A nan kuwa dama ake bi, hagun nan idon mai tahowa ne. Da ido ake dubawa a da, aka yi mata kara. Na'ura ba ta san kara ba."

"Kai ina ka san wanga abu?"

"Shekarar da aka yi canjin hannu a ƙasarmu, aka bar hagu aka koma dama, wa kake zaton ya yi wata da watanni yana tsaye a gaban bango da alli?"

Ya ce, "Af, na manta. Mu tun da aka haihe mu dama muke bi. Ku ne kuka yi shekaru kuna tahiya a karkace, sai da aka yi muku shela a rediyo."

Na ce ya bar shashanci ya fassara. Na ƙara da cewa a wancan zamani wasu maƙera sukan yi wa mazaunin ƙwan fitila gurbi biyu, domin matafiyi mai ƙetare iyaka ya juya shi ɗan kaɗan, haske ya koma ɗaya hannun. Na ce a gaya wa Lawban ya kwantar da hankalinsa, jibi motarsa za ta ci.

Sai da maganar ta fita, na ga tsohon ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu, sa'an nan gabana ya faɗi. Domin ba kowace fitila ke da gurbin nan ba. Wata a jikin gilashinta aka yanka karkatar, irin wannan kuwa ba ta da magani sai sauyi. Na yi alkawari ban buɗe ba, abin da ban taɓa yi ba a duk shekarun aikina. Na ce wa Alhaji Isufu a hankali, "Na yi gaggawar baki."

Ya ce, "In gaya mishi?"

"Gaya masa. Ba a ɓoye wa mai mota gaskiya."

Lawban ya saurara, sa'an nan ya ɗauko sukudireba ya ɗora a tafin hannuna.

Na tuɓe babbar riga na rataye, na naɗe hannun 'yar ciki, na yi bisimilla. Na cire zoben azurfar da ke kewaye da fitilar dama, na zaro ta, na juya bayanta wajen hasken ƙofa. Datti ya rufe komai. Na goge da tsumma, na kankare da farce. Can sai ga 'yan tsagi biyu a gefen mazaunin, da wata 'yar kibiya a tsakaninsu. Na sassauta maƙallin, na juya, ya ce ƙas. Na mayar, aka rufe ƙofa, aka kunna. Hasken fitilar nan ya bar layin allina, ya ɗaga kai dama. Mata masu ɗinki da suka shigo kallo suka ɗauki sowa.

Ta hagun ce ta nuna mini halinta. Ruwa ya taɓa shiga cikinta, tsatsa ta haɗe mazaunin da jikinsa ya zama abu guda. Wani makaniki ya kawo guduma. Na karɓe ta na ajiye a bayana, na ce wa Alhaji Isufu ya gaya masa ƙarfen nan ya girme shi, in ya fashe babu na biyunsa a ƙasar Sin. Na sa aka kawo kananzir, na ɗiga, na ce a bar ta ta kwana. Washegari muka dawo da sassafe, na ɗiga, na ƙwanƙwasa da ƙotar sukudireba kamar mai sallama a gidan surukai, na jira, na sake ɗigawa. Aka kawo mana shinkafa da kifi muka ci. Alhaji Isufu ya gutsura wa Lawban goro, ya tauna, fuskarsa ta tattare wuri guda, amma don kunya ya haɗiye, ya ce "shiye-shiye", wato godiya, hawaye na zubo masa. Sai bayan la'asar, ina murzawa ba da wani ƙarfi ba, na ji abu ya saki a ƙarƙashin yatsana.

Ranar gwaji na sa rigata mafi kyau, na ɗaura rawani. Lawban ya ɗaura wa madubin motar jan ƙyalle, ya jera lemo uku a gaban gilashi. Ni kuma na karanta abin da na sani. Na ce kada mu nufi wurin kai tsaye, a fara sakar mata ƙafa a babbar hanya, domin tsohuwar mota ba a kai ta gaban mai gwaji da sanyin jiki, sai ta yi zafi ta zubar da baƙin da ke maƙogwaronta. Haka aka yi.

Gidan gwajin wata doguwar rumfa ce, mota ta shiga ta nan ta fita ta can. Mu aka tsayar da mu bayan wani layi rawaya. Shekara talatin da biyar ina cikin irin rumfar nan, ban taɓa sanin yadda tsayuwa a bayan layi take ba sai ran nan. Na tuna fuskokin direbobin da suke kallona ina rubutu, na roƙi Allah gafara in na taɓa jan wani da gangan.

Aka ɗora ta a kan abin gwada birki, ta tsaya cak. Aka zura mata ƙarfe a salansa, hayaƙi bai nuna ba. Wani ya shiga rami ya ƙwanƙwasa ƙarƙashinta ya fito. Sa'an nan ta isa gaban na'urar, wani akwati mai ido guda da ke tafiya a kan dogo. Mai kula da ita wata mace ce mai tabarau, wadda ga alama ita ta kayar da motar sau biyun nan, domin da ta gan ta sai ta yi ajiyar zuciya. Akwatin ya matso gaban fitilar dama, ya tsaya, ya wuce. Ya matso gaban ta hagu, ya tsaya. Ya daɗe.

Alhaji Isufu ya raɗa mini, "Bahaɗeje, in ta hwaɗi, ni ban san ka ba. A jirgi muka gamu."

Na ce, "Yi mini shiru."

Matar ta duba allonta, ta cire tabarau ta goge, ta mayar da akwatin baya ta sake aunawa tun daga fari. Sa'an nan ta zagayo ta leƙa fitilar, ta tambayi Lawban wani abu. Ya nuno ni. Ta dube ni tun daga rawani har takalmi, ta yi wata magana, ta koma ta ɗauki hatimi ta buga.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta tambaya ina ya samo sabbin hitilu. Ya ce ba sabbi ba ne, likita ya ɗauko daga Afirka. Ta ce akwai wasu motoci ukku masu irin wanga ciwo, ko likitan yana nan har mako mai zuwa."

A waje aka ba Lawban 'yar takardar shaida mai danƙo, wadda ake mannawa a gilashin gaba. Ya riƙe ta yana kallo. Ya ɗaga ta zai manna, sai ya fasa, ya juyo ya miƙo mini da hannu biyu, ya ɗan sunkuya. Na karɓa. Na goge kusurwar gilashin da bakin rawanina, na ɓare bayanta, na ɗora. Hannun da ya yi kwana biyu yana lallashin tsatsa bai kuskure ba, sai a nan ya ci amanata. Da na ja baya na duba, takarda ta zauna a karkace.

Alhaji Isufu ya leƙo ya ce, "Ka gani ko? Ka gyara ma mota ido, kai naka yana nan yadda yake. Kawo in ɓamɓare in daidaita."

Ya kai hannu, Lawban ya buge hannun. Ya yi wata gajeriyar magana, ya danna takardar da babban yatsansa, kusurwa bayan kusurwa, har ta kama sosai.

Na ce, "Fassara mini, kada ka rage."

Alhaji Isufu ya sosa ƙeya. "Ya ce a bar ta haka. Na'ura ba ta auna wannan."